Tsamiyar Kakana da Bokayen Turai

Akwai wata tsohuwar tsamiya a gonarmu ta gado, a wani ƙauye tsakanin Bichi da Tsanyawa. Wanda ya san ƙasarmu ya san ba mu da daji. Gona tana jikin gona tun daga bayan danga har iyakar gani, ba a barin ko kamu ɗaya ya huta. Kowace ɗorawa da kuka da gawo kuwa akwai mai ita. Saboda haka itace a wurinmu dukiya ne kamar akuya. Ana gadonsa, ana jinginar da shi, ana sayar wa masu faskare su kai birni.

Da rani na 2023 ƙanena ya zo mini da magana. Masu itace sun yi wa tsamiyar kuɗi, shi kuwa ga aurar da 'ya a gabansa. Ya ce, "Yaya, mu sayar mu raba. Ai tun ran da Baba ya karɓi bishara ya kamata a ce an sare ta." Wani dattijo a ekklesiyarmu ya goyi bayansa, ya ce abin kunya ne gidan masu bi su bar mazaunin aljannu a tsaye. Dalilin maganarsu shi ne, a gindin tsamiyar nan kakanmu ya ke yanka. Bamaguje ne, a kan Maguzanci kuma ya mutu. Na ce su ba ni lokaci, gama ban san abin da zan ce ba.

Ana nan sai jikata ta zo hutu a ƙarshen watan Yuni. Tarihi ta ke karantawa a jami'a. Da dare muna zaune a tsakar gida ta miƙo mini waya tana dariya, ta ce, "Kaka, zo ka ga Maguzawan Turai." Na duba, sai ga Turawa maza da mata sanye da fararen riguna har ƙasa, waɗansu da dogon gemu da sanda, suna tsaye cikin waɗansu manyan duwatsu a Ingila suna jiran fitowar rana. Ta ce sunan wurin Stonehenge, mutanen kuma suna kiran kansu Duruyidawa, watau magadan bokayen ƙasar na dā. Da ta ji zancen tsamiya sai ta tashi tsaye. Ta ce, "Kaka, Turawa suna alfahari da nasu, mu muna sayar da namu a dafa tuwo? Kakanninmu masu kiyaye itatuwa ne, masu zaman lafiya da halitta." Na ce mata, "Amarya, sannu da wa'azi. Ke kin san shi ne?" Ta yi shiru. Amma ta bar mini littattafai biyu da ta zo da su, ni kuwa tsohon malamin makaranta ne, ba na ganin littafi in ƙyale.

To, ga abin da na samu. A zamanin dā akwai al'ummai da a ke kira Keltawa, suna zaune a ƙasar da ta zama Faransa, da Birtaniya, da Ailan. Mu masu karanta Littafi Mai Tsarki mun san danginsu ba tare da mun sani ba, gama Galatiyawan da Bulus ya rubuta wa wasiƙa sunan Keltawa su ke ɗauke da shi, waɗanda su ka ƙaura zuwa ƙasar Turkiya ta yau wajen shekara 278 kafin haihuwar Almasihu. A cikin Keltawan yamma akwai wani rukuni na masana da a ke kira Duruyidawa. Su ne masu hadaya, su ne alƙalai, su ne malaman yara.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, ba su bar rubutu ko layi ɗaya na koyarwarsu ba. Wanda ya fi kowa ba da labarinsu shi ne Yuliyas Kaisar, sarkin yaƙin Roma wanda ya ci ƙasarsu da takobi daga shekara 58 zuwa 50 kafin haihuwar Almasihu. Shi ne ya ce suna yanke shari'ar kisan kai da gado da iyakar gona. Wanda ya ƙi hukuncinsu sai su hana shi zuwa wurin hadaya, kowa ya guje shi kamar mai cuta. Ba sa zuwa yaƙi, ba sa biyan haraji. Ya ce almajirinsu ya kan yi har shekara 20 yana haddace waƙoƙi, sun kuma haramta a rubuta su. Suna koyar da cewa rai ba ya mutuwa, ya kan koma wani jiki ne. Sau ɗaya a shekara su kan taru a tsakiyar ƙasa su yi shari'a. Sa'an nan ya ƙara da abin da ya fi tsaya wa mutane a rai: wai su kan saƙa wani ƙaton mutum-mutumi da rassan itace, su cika shi da mutane masu rai, su sa wuta.

Wani Baroma kuma mai suna Filini, wanda ya mutu a shekara 79 bayan haihuwar Almasihu, shi ya kawo zancen farar riga. Ya ce ba abin da su ke girmamawa kamar kaucin da ya fito a kan itacen oak. Ran shida ga wata boka zai sa farar riga ya hau, ya yanke kaucin da laujen zinariya, a tare shi da farin mayafi kada ya taɓa ƙasa, sa'an nan a yanka fararen bijimai biyu. Da na zo nan na aje littafin na yi dariya ni kaɗai. Kauci! Ashe abin da a ke hawa tsamiya da dare a nema a ƙasarmu, shi Turawa su ke hawa nasu itacen su nema. Amma laujen zinariya kam ban yarda ba. Duk wanda ya taɓa yankan ciyawa ya san ƙarfe mai laushi ba ya yin kaifi.

Ƙarshensu ya zo a hannun sarakunan da mu ka san sunayensu. Kaisar Tibariyas, wanda Luka ya ambata a farkon aikin Yahaya Maibaftisma, ya kafa musu doka. Kalaudiyas na Littafin Ayyukan Manzanni ya haramta addinin gaba ɗaya. Wajen shekara 60 sojojin Roma su ka haye zuwa tsibirin Mona a gefen Wales. Marubucinsu Tasitus ya ce sun tarar da mata cikin baƙaƙen tufafi, gashi a barbaje, riƙe da wuta, bokaye kuma sun ɗaga hannu sama suna tsinuwa. Sojoji su ka karkashe su, su ka sare kurmin da a ke hadaya a ciki. Tasitus ƙaramin yaro ne sa'ad da a ka yi wannan, bai kuwa rubuta shi ba sai bayan wajen shekara 50.

Ka lura, ya mai karatu, duk shaidun nan daga gefe ɗaya su ke. Mai cin ƙasa yana da bukatar a ce mutanen da ya ci miyagu ne. Wannan ba ya nufin duk ƙarya ce. A 1984 an tono gawar wani mutum na wancan zamani a cikin fadama a Lindow ta Ingila, an buge shi a kai, ga igiya a wuyansa, an kuma sami ɗan garin furen kauci a cikinsa. Waɗansu masana sun ce hadaya ce, waɗansu sun ce hukuncin mai laifi ne ko kisan gilla. Mutum-mutumin nan kuwa ba a taɓa samun alamarsa a ƙasa ba. Su Romawan ma da ke ƙyamar abin, ba su hana hadaya da mutum a garinsu da doka ba sai a shekara 97 kafin haihuwar Almasihu, suna kuma taruwa su kalli bayi suna kashe juna don nishaɗi. Baduruyide ɗaya tak ne wani marubucin zamaninsa ya ce ya san shi ido da ido, sunansa Dibisiyakus. Shi kuwa ba a kurmi a ka gan shi ba, a birnin Roma a ka gan shi yana neman taimakon yaƙi domin kabilarsa, kamar kowane ɗan siyasa.

To ina mutanen cikin wayar jikata su ka fito? Bayan shekaru fiye da 1,500 Turawan Ingila su ka fara sha'awar kakanninsu. Wani likita da ya zama fasto, William Stukeley, ya buga littafi a 1740 ya ce Duruyidawa ne su ka gina Stonehenge, wai kuma addininsu na Ibrahim ne, sun san Allah ɗaya. A 1792 wani magini ɗan Wales da a ke kira Iolo Morganwg ya tara abokansa a kan wani tudu a Landan, ya ce yana rayar da tsohon taron bokaye bisa ga tsofaffin takardun da ya samo. Bayan mutuwarsa a ka gane da yawa cikin takardun shi ya rubuta su da hannunsa. Taron nasa kuwa ya kama, ana yinsa kowace shekara a bikin waƙoƙi na Wales, fastoci da dama ma sun shugabance shi. Yau an tabbata manyan duwatsun Stonehenge an kafa su wajen shekara 2500 kafin haihuwar Almasihu, fiye da shekara 2,000 kafin a fara jin sunan Duruyidawa. Ke nan Romawa sun mai da su dodanni, jikokinsu kuma sun mai da su waliyyai masu son itatuwa. Su kansu ba wanda ya ji ta bakinsu.

Ina cikin karatun nan sai Barbushe ya faɗo mini a rai. Kowane yaro a ƙasar Kano ya san sunansa. Ƙato ne baƙi, mai tsafin Tsumburbura a Dutsen Dala, ya kan kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Na ɗauko tsohon littafina na Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda a ka fassara a Zariya zamanin Rupert East, na sake karanta Tarihin Kano. Littafin ya ce gunkin yana cikin wani itace da a ke kira Shamuz, an kewaye shi da katanga, ba mai shiga sai Barbushe. Ba ya saukowa daga Dala sai ranakun idi biyu. Mutane su kan taru daga ko'ina, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru. Da dare ya shiga wurin gunki, ya fito ya gaya musu abin da zai faru a shekara. Akwai kuma kurmin Jakara mai baƙin ruwa, wanda ba ya motsi sai masifa za ta zo.

Amma wa ya rubuta wannan, kuma yaushe? An rubuta Tarihin Kano da Larabci, labarinsa ya tsaya a zamanin Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19. H. R. Palmer ya fassara shi da Turanci a 1908, shi ne kuma ya lissafa cewa Bagauda ya hau sarauta a shekara 999. Barbushe kuwa kafin Bagauda ya ke. Tsakanin mutumin da alƙalamin akwai wajen shekara 900. Ko zancen ranakun idi ya isa ya nuna maka cewa malami ne ya ke auna tsohon abu da ma'aunin da ya sani. Ba na cewa ba a yi mutane a Dala ba. Masu tonon ƙasa sun sami alamar narka tama a gindin dutsen tun wajen ƙarni na 7. Sai dai muryar da mu ke ji ba ta Barbushe ba ce.

Ga abin da ya sa tsigar jikina ta tashi. Tarihin Kano ya ce Barbushe da bakinsa ya faɗa cewa waɗansu baƙi za su zo su ƙwace mulki, a sare itacen a ƙone, a gina masallaci. Haka kuwa littafin ya nuna an yi: zamanin Sarki Yaji, da Wangarawa su ka zo, an gina masallaci a gindin itacen, zamanin Muhammadu Rumfa kuma (1463 zuwa 1499) a ka sare shi a ka gina hasumiya. To, a Ailan ma haka a ka yi, sai dai can Kirista ne su ka riƙe alƙalami. Fatrik ya kai bishara ƙasar a ƙarni na 5. Ya bar rubutu biyu na hannunsa, bai ambaci Duruyidawa a cikinsu ko sau ɗaya ba. Bayan wajen shekara 200 wani malamin ekklesiya mai suna Muirchú ya rubuta tarihinsa. A ciki sai ga bokayen sarki suna duba cewa wani baƙo zai zo daga hayin teku da sabuwar koyarwa ya rushe gumakansu. Sai ga Fatrik yana gasa da su a Tara, da wuta da al'ajibai, kamar Iliya a Dutsen Karmel ko Musa gaban Fir'auna. Mutanen nan biyu ba su san juna ba, tsakaninsu akwai hamada da teku da shekaru fiye da dubu. Duk da haka kowannensu ya sa tsohon boka ya yi shelar faɗuwarsa da bakin kansa. Na ce a raina, mu masu bi ma ba mu kuɓuta daga wannan hali ba.

Ko sunanmu ma waɗansu ne su ka raɗa mana. A kasuwa za ka ji an ce wai wani Bama ne ya guje wa salla, shi ya sa a ke cewa Bamaguje. Masana da yawa kuwa sun ce kalmar daga Larabci ta ke, Majusu, sunan masu addinin Farisa na dā, a ka ɗora wa manoman da ba su musulunta ba domin a bar su su zauna suna biyan jizya. Filini ma da zai bayyana Duruyidawa wannan kalma ya yi amfani da ita a harshensa. Ita ce kuma Matiyu ya kira mutanen gabas da su ka bi tauraro zuwa Baitalami. Na gaya wa jikata wannan, ta ce za ta kai wa malaminta.

Bayan suna sai barkwanci. Labarin Bamaguje a bakin mutane labarin wawa ne, wanda ya shiga birni ya yi abin dariya. A fim kuwa boka yana cikin kogo da jan ƙyalle da ƙoƙon kan mutum, yana ƙyalƙyala dariya. Na sha jin masu wa'azi namu suna ba da shaida a kan duhun da a ka fito, su kwatanta kakanninmu kamar ba su da wani aiki sai shan jini. Wani Ba'amurke, Joseph Greenberg, wanda daga baya ya yi suna wajen rarraba harsunan Afirka, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya buga littafi a 1946. Shi dai ya tambaye su, ya rubuta abin da su ka ce. Amma da Turanci ya rubuta, mutanen da ya yi hira da su ba su taɓa karantawa ba.

Ni kuwa ina da abin da Kaisar da Palmer ba su da shi. Na ga mutumin da idona. An haife ni a 1953, Kaka bai mutu ba sai 1976.

Ba shi da farar riga, ba shi da jan ƙyalle. Walki ya ke ɗaurawa, hannunsa duk kanta. Bai yi karatun shekara 20 ba, ba kuwa boka ba ne. Boka dabam, 'yan bori dabam, mafi yawansu ma mata ne. Shi maigida ne kawai, a Maguzanci kuwa kowane maigida shi ne mai yanka na gidansa. Ya yarda akwai Allah wanda ya yi kome, amma ya kan ce Allah yana da nisa, iskoki ne a kusa. A tsakar gida akwai jigo, itace mai baki biyu da a ka kafa, nan ya ke yanka wa Kure jan zakara. Kafin shuka sai mu bi shi zuwa tsamiya da tunkiya ko akuya da tulun giya. Ya tsuguna, ya yanka, jini ya zuba a saiwa, ya tsiyaya giya kaɗan, ya yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai roƙon bashi wurin maƙwabci: ga naki, a ba mu lafiya, a ba mu hatsi. Shi ke nan. Jini na iska, nama namu. Mu yara naman mu ke jira. Kan gidanmu damo ne, ba ma kashe shi, ba ma ci, har yau kuwa ni da na yi shekaru ina dattijon ekklesiya ba na iya kai shi baki.

Jikata ta ce masu kiyaye itatuwa ne. Na ga Kaka ya sare marke da kanya ba ko waiwaye, ya ƙone kututture don ya ƙara kunya biyu a gona. Tsamiyar nan ɗaya ce ba ya taɓawa, ba kuwa don ƙauna ba. Tsoronta ya ke yi. Ba ya yarda mace mai ciki ta bi ta wurin da tsakar rana. Ina ganin rabin ransa ya tafi wajen lissafin wanda a ka ɓata wa rai cikin iskoki da abin da za a biya.

Tsoron nan ya taɓa cin mutum a gabana. A 1962 ƙyanda ta shiga gidanmu, ta ɗauki yara uku, har da ƙanwata. Na huɗu yana kwance sai a ka je wurin boka, ya ce kamun maita ne. A ka nuna wata tsohuwa, gwauruwa, wadda ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata. Kaka ne ya shugabanci taron. A ka tuɓe ta a gaban jama'a a ka sa ta tsallake yaron. Ina leƙe ta jikin danga, ina shekara tara. Yaron ya mutu duk da haka. Tsohuwar ta kwashe ƙorenta ta bar garin, ba ta ƙara dawowa ba. Ita ce ta kan ba ni ƙuli-ƙuli. Babana ya riga ya zama mai bi tun 1958, yana cikin ɗaki ranar da Littafinsa, bai fito ba. Har ya tsufa in an ta da zancen sai ya ce, "Na ji tsoron Baba fiye da Ubangiji a ranar." Duk mai son ya yi wa Maguzanci farar riga, sai ya fara gaya mini inda zai sa tsohuwar nan.

Amma dattijon da ya ce gidan aljannu ne kawai, shi ma ga nasa. Sa'ad da Baba ya ƙi cin naman yanka, ya ƙi zuwa gona ran Lahadi, Kaka ya fid da shi daga gandu, ya yanka masa 'yar gona mafi rashin ƙarfi. Shekara 15 ba ya shiga sashenmu. Sai ga farin 1973. Gero ya bushe tun bai fid da kai ba, mutane su ka koma cin tafasa da dusa. Kaka yana da rumbu biyu na tsohon hatsi wanda ba a taɓa ba shekara uku, gama Bamaguje na gaske ba ya cin sabo sai tsoho ya ƙare. 'Yan kasuwa su ka zo da kuɗi, ya kore su. Ya buɗe rumbun ya riƙa rabawa dami-dami, ga Maguzawa, ga Musulmin unguwar gabas har da limaminsu, ga mu. Shi da kansa ya ɗauko namu a ka, tsoho mai shekara wajen 80, ya jefar a ƙofar Baba. Ya ce, "Ka gaya wa Yesunka wannan ba na yanka ba ne, yara su ci." Ya juya ya tafi. Ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, ban kuma taɓa jin wani ya biyo shi bashi ba. Fatake Musulmi su kan bar masa ajiyar kuɗi ba shaida.

Baba ya yi ta yi masa wa'azi a ciwonsa na ƙarshe. Ya kan saurara, ya ce magana ce mai kyau, amma in ya bi, wa zai ba waɗancan abincinsu? Za su huce a kan jikoki. Haka ya tafi. Ba ni da ikon in ce kome a kan inda ya ke, wannan yana hannun Mai Shari'a. Abin da na sani shi ne, a ganinsa tsakaninmu da masifa ya ke tsaye, da wuƙa da zakara.

Na kira ƙanena bayan girbi. Na ce masa ban yarda akwai abin da ke cikin tsamiyar da ya fi ƙarfin mai bi ba, ban kuma ga dalilin da zai sa in ji tsoronta har in sare ta ba. Itace ce, tana ba da 'ya'ya, matan gida suna kaɗawa su sayar, masu noma suna hutawa a inuwarta. Na tambaye shi nawa ne rabonsa cikin kuɗin masu faskare, na biya shi da buhu uku na gero. Ya karɓa, an yi biki lafiya. Dattijon namu bai ji daɗi ba, ya ce ina ba raunana abin tuntuɓe. Na ɗauki maganarsa da nauyi, gama Bulus ya yi gargaɗi a kan wannan, har yanzu kuma ba mu gama ta ba. Mu kan gaisa a majami'a, mu koma kanta in an tashi.

Da Kirsimati jikata ta dawo ta ce in zauna a gindin tsamiyar ta ɗauki maganata a waya. Ta ce, "Kaka, faɗi duk abin da ya ke cewa in zai yanka." Na buɗe baki, sai na tarar 'yan kalmomin farko kaɗai na riƙe. Akwai sunaye da ya ke jerawa, na iyayensa da na iskoki, masu tsawo, da kirarin kowannensu. Baba ya sani amma ya ƙi koya mana, mu ma ba mu tambaya ba. Baffanmu na ƙarshe da ya iya su ya musulunta, ya mutu a 1999. Na ba ta labarin tsohuwar, na ba ta na rumbu, na ce in za ta rubuta ta rubuta duka biyu ko ta bar duka. Ta ce to.

Da za mu tashi ta ɗaga kai ta ce, "Ina kaucin da ka ce yana reshen gabas?" Na duba. Tun ina yaro ya ke wurin. Babu shi, sai sabon sara fari a jikin reshen, da sawun ƙafa a ƙasa wanda ya nufi hanyar gari. A garin namu kuwa yau ba sauran Bamaguje ko ɗaya, daga masu zuwa masallaci sai masu zuwa majami'a.